Gwangwanin Ishraga

A Maiwurno, bakin Shuɗin Nilu,
shekara ashirin da uku ina gyaran injin ban-ruwa.
Nan babur muke ce masa.
Wani baƙo daga Kano ya taɓa tambayata ina ƙafafunsa.
Ba ni da takardar shaida ko ta rantsuwa,
kunne ne jarina:
in inji ya yi tari, na san abin da ya haɗiye.

Ranar Talata Ishraga ta dawo daga makaranta
da takarda ninki huɗu a cikin littafin lissafi.
Ta jira na wanke hannu da kananzir da yashi,
ta jira na sha gahawa kofi biyu,
sannan ta karanta mini a tsaye:
mako uku a Wad Madani idan an yi hutu,
ɗakin gwaje-gwaje, wayoyi, farantin hasken rana,
kwana da ci a kansu,
kuɗin mota a kanmu.
Sharaɗi guda: kowa ya zo da abin da hannunsa ya ƙera.

Na ce, ke me kika ƙera?
Ta yi shiru irin na mai bashi.
Ta zaga bayan ɗaki, ta fito da gwangwanin madara,
da toton kwalba, da tsinken keke,
da ƙararrawar agogon kakarta,
da batir biyu da na yi wata guda ina nema
har na zagi yaron shagona a kansu.

Ta ce, Baba, in ruwa ya ja baya a magudana
toton zai sauka, tsinken ya taɓa nan,
ƙararrawa ta yi kuka,
a kashe inji kafin ya sha iska ya ƙone.

Haka injin Mudassir ya ƙone bara.
Haka na Sabir.
Ni na ci kuɗin gyaran duka biyun.
Na dubi gwangwanin nan mai shirin ƙwace mini kisra a baki,
na yi dariya har da tari.

Daren Alhamis muka kai shi gonar albasa.
Ruwa cike, ƙararrawa ta ɗauki kuka.
Muka haska: kwaɗo ne zaune kan toton
kamar shi ya biya kuɗin kujera.
Na zaci za ta yi hawaye.
Sai ta zauna a laka ta buɗe littafi,
ta ce Ustaza Awadiyya ta ce a rubuta har abin da ya ƙi.
Ni da nake binne kuskurena kafin mai inji ya iso.
Washegari ragar tankaɗen uwarta ta ɓace,
ban ga komai ba, ban ji komai ba.

Uwar ta ce Madani da nisa.
Na ce ba ta kai nisan da kakanninmu suka taka da ƙafa ba.
Ta ce su hajji suka nufa.
Ban sami amsa ba, sai na tafi na sayar da tsohon dinamo.

A tasha na ba ta sifana mai lamba goma sha uku,
wadda bakinta ya cinye, wadda ta fi sanin hannuna.
Ta ce a can akwai sababbi.
Na ce na sani.
Ta sa ta a jaka, kusa da gwangwanin.

Yau kwana tara.
Jiya ta kira a wayar maƙwabci,
ta faɗi wata kalma doguwa da ban riƙe ba,
wai sunan abin da kunnena ke ji ne tun kafin a haife ta.
Ashe yana da suna.

Mudassir ya leƙo da safe
yana tambayar nawa ake sayar da gwangwanin.
Na ce ya jira mai shi ta dawo.